Tarihin Shirley Chisholm, Macen da ta Nemi Shugabancin Amurka

Yau labarin da za mu ba masu karatu na wata mace ne baƙar fata, 'yar ƙasar Amurka, mai suna Shirley Chisholm, wadda ta rasu ran 1 ga Janairu, 2005, tana da shekara 80 a duniya. Ita ce baƙar mace ta farko da aka zaɓa ta shiga Majalisar Wakilai ta ƙasar. Ita ce kuma, cikin baƙaƙen fata duka, maza da mata, ta fara fitowa fili tana bin jihohi, tana neman ɗaya daga cikin manyan jam'iyyun ƙasar guda biyu ta tsai da ita takarar shugaban ƙasa. In an zo ba da tarihinta galibi a nan akan tsaya, a yi yabo a wuce. To, amma akwai saura. Cikin neman nan da ta yi a 1972, waɗanda suka fi cin mata tuwo a ƙwarya su ne mutanenta, watau manyan baƙaƙen fata da suka sha gwagwarmayar neman 'yanci, da shugabannin mata waɗanda suka kafa ƙungiya tare da ita. Ra'ayinsu ɗaya da nata a kan yaƙi da talauci da wariyar launin fata, amma da ranar ta zo, sai aka nemi yawancinsu aka rasa.

ASALINTA

An haife ta ran 30 ga Nuwamba, 1924, a Burukilin, wani babban yanki na birnin Niyok. Sunan da aka raɗa mata Shirley Anita, sunan gidansu kuwa St. Hill. Iyayenta 'yan ci-rani ne da suka zauna. Ubanta Charles haifaffen ƙasar Giyana ta Ingilishi ne, ya yi leburanci a wata masana'antar buhuna, kuma mabiyin Marcus Garvey ne, mutumin nan mai kiran baƙar fata su san darajar kansu. Uwarta Ruby mutuniyar tsibirin Babados ce, tana ɗinki, tana kuma aikatau a gidajen Turawa. 'Ya'ya huɗu suka haifa, duk mata, Shirley ce 'yar fari.

Da abin hannun iyayen ya gaza, sai aka kai ta tun tana ƙarama, ita da ƙannenta biyu, wurin kakarsu ta wajen uwa, Emaline Seale, mai 'yar gona a wani ƙauye na Babados. Can ta fara karatu a makaranta mai ɗaki ɗaya, irin ta Ingilishi, inda ba a wasa da karatu da rubutu, ba a kuma tsimin bulala. Sai cikin 1934 ta komo Niyok, ta komo da harshen mutanen tsibiri wanda bai bar bakinta ba har ta mutu. Ta gama Kwalejin Burukilin cikin 1946, inda ta yi suna wajen muhawara, sa'an nan ta ƙara ilmi a Jami'ar Kolombiya a kan hanyar koyar da ƙananan yara. Aikin da ta fara kuwa shi ne kula da gidajen renon yara, har ta zama mai ba hukumar birnin shawara a kan wannan sha'ani. Cikin 1949 ta auri Conrad Chisholm, mutumin Jamaika, daga nan ta sami sunan da duniya ta san ta da shi.

Siyasa kuwa daga ƙasa ta faro ta. A zamanin nan kowace unguwa ta Niyok tana da kulob na jam'iyyar Dimokurat, kuma na unguwarsu, Bedford-Stuyvesant, Turawa ke riƙe da shi, ko da yake baƙaƙen fata sun cika unguwar. Aikin mata a ciki shi ne shirya liyafa da tara kuɗi, maza su kashe. Shirley ta yi wannan aiki, amma ba ta iya yin shiru ba. Sai ta tashi a tsakiyar taro ta tambayi dalilin da ya sa ba a kwashe shara a unguwarsu kamar yadda ake yi a unguwannin Turawa. Ta koyi dabarun zaɓe a hannun wani dattijo mai suna Wesley Holder, wanda cikin 1953 ya shirya yadda aka zaɓi Lewis Flagg, baƙar fata na farko da ya zama alƙali a Burukilin. Daga baya suka ɓata da Holder a kan shugabancin ƙungiyarsu, suka yi shekaru ba sa ga maciji, kana suka shirya.

Cikin 1964 kujerar unguwarsu a Majalisar Dokokin Jihar Niyok ta faɗi, ta ce tana so. Nan ta fara ganin abin da zai bi ta har ƙarshen rayuwarta. Mazan kulob ɗinsu, waɗanda ta yi shekaru tana yi wa yawon neman ƙuri'a, suka fara gunaguni. Ita kanta ta ba da labarin wani tsoho baƙar fata da ya tare ta a hanya, ya yi mata faɗa a kan barin gida, yana son sanin ko ta ba mijinta abin karin kumallo kafin ta fito. Ta ci zaɓen duk da haka. A shekaru huɗun da ta yi a can ta sa aka shigar da 'yan aikatau cikin waɗanda ake ba kuɗin tallafi in sun rasa aiki, aikin da uwarta ta yi ke nan, ta kuma taimaka aka kafa wani shiri na shigar da 'ya'yan talakawa jami'a.

Cikin 1968 kotu ta sa aka sake yanka mazaɓun Burukilin, aka fid da wata sabuwa wadda yawancin mutanenta baƙaƙen fata ne da mutanen Fotoriko. Bayan ta ka da abokan takararta biyu a cikin jam'iyya, sai ta gamu da James Farmer, wanda jam'iyyar Rifablikan ta goya wa baya. Farmer ba ƙaramin mutum ba ne. Shi ya shugabanci tafiyar nan ta 1961 da baƙaƙe da farare suka shiga mota ɗaya suka ratsa jihohin kudu don karya dokar wariya, ya kuwa sha ɗauri saboda ita. A kan gidaje da makarantu da aikin yi, da ƙyar za a sami inda ra'ayinsa ya saɓa da nata. Da ya rasa abin da zai bambanta kansa da ita, sai ya kama maganar maza da mata. Mutanensa suka yi ta yawo da motoci da ganguna suna shela cewa muryar namiji ake bukata a Washinton, shi kuma yana kiranta 'yar malamar makaranta. Ashe ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Holder ya duba littafin rajista ya ga matan da suka yi rajista a mazaɓar sun fi maza yawa nesa ba kusa ba. Shirley ta bi su gida gida, da coci coci, da ƙungiyoyin iyayen yara, tana kuma yi wa mutanen Fotoriko magana da Sifaniyanci. Takenta shi ne ba wanda ya saye ta, ba ta kuma da ubangida. Ta sami ƙuri'a 34,885, Farmer ya sami 13,777.

Da ta isa Majalisa cikin Janairu 1969, shugabannin jam'iyyarta suka sa ta a kwamitin aikin gona, ita da mazaɓarta ba ta da ko kadada ɗaya ta noma. Al'adar wurin ita ce sabon shiga ya karɓi abin da aka ba shi ya yi godiya. Ita kuwa ta tashi a gaban taron jam'iyya ta ƙi, har aka mai da ita kwamitin tsofaffin sojoji. Jawabinta na farko na sukar yaƙin Biyetnam ne da dukiyar da ake zubawa a ciki. Ma'aikatan da ta fara ɗauka a ofishinta duk mata ne, rabinsu baƙaƙe. Cikin 1971 tana cikin mutum 13 da suka kafa ƙungiyar baƙaƙen fata 'yan Majalisa, ita kaɗai ce mace. A shekarar nan kuma, ita da Bella Abzug da Betty Friedan da Gloria Steinem da waɗansu suka kafa ƙungiyar shigar da mata siyasa ta ƙasa duka. Masu karatu su riƙe ƙungiyoyin nan biyu, don su ne labarin zai koma kansu.

ZAƁEN 1972

A Amurka kafin babban zaɓe kowace jam'iyya takan yi zaɓen fid da gwani. Ana bin jihohi ɗaya bayan ɗaya tun daga farkon shekara, kowane mai nema yana tara wakilan jam'iyya gwargwadon ƙuri'ar da ya samu, sa'an nan wakilan su hallara a babban taro su tsai da mutum ɗaya. A 1972 Richard Nixon na Rifablikan ke kan mulki, yaƙin Biyetnam bai ƙare ba. Jam'iyyar Dimokurat kuwa ta sake dokokinta bayan rigimar taronta na 1968, ta ce lalle a ba mata da matasa da baƙaƙen fata kaso mai kyau cikin wakilai. An kuma rage shekarun jefa ƙuri'a zuwa 18 cikin 1971. Saboda haka masu neman sauyi suka ga ba su taɓa samun dama irin wannan ba. Masu nema sun yi yawa: akwai Edmund Muskie, da Hubert Humphrey, da George Wallace gwamnan Alabama mai ra'ayin wariya, da George McGovern wanda masu ƙin yaƙi suka fi karkata gare shi.

Tun cikin 1971 manyan baƙaƙen fata suka shiga shawara a kan yadda za su haɗa ƙuri'arsu wuri ɗaya. Cikin Satumba suka yi taron sirri a Northlake, kusa da Shikago. Waɗansu suka ce a tsai da baƙar fata ɗaya, ana ambaton Carl Stokes wanda ya yi magajin garin Kilibilan. Julian Bond ya ce a'a, kowace jiha ta tsai da nata ɗan gida, a tara wakilai a je a yi ciniki da su. Shirley ba ta je ba, ta aika da wakili. Aka watse ba a tsai da magana ba, aka sake zama, aka sake watsewa. Suna cikin wannan jan ƙafa, ran 25 ga Janairu, 1972, ta hau mumbarin cocin Concord a Burukilin ta yi shelar tana nema. Ta bayyana cewa ko da yake ita baƙa ce kuma mace ce, tana alfahari da duka biyu, ba don baƙaƙe kaɗai ko mata kaɗai ta fito ba, don jama'ar ƙasa duka ta fito.

Ran mazan ya ɓaci. Abin da suka faɗa a fili shi ne ta yi gaban kanta ba ta shawarci kowa ba, kuma wai kunnenta ya fi karkata ga matan Turawa masu neman 'yancin mata, don haka ba za a amince ta riƙe amanar baƙaƙe ba. Maganar farko tana da ƙamshin gaskiya, gama Shirley ba mai jiran izini ba ce. Amma mu lura, waɗannan mutane sun yi wata da watanni suna neman wanda zai tsaya, ba namijin da ya yarda ya sa kansa. Da mace ta sa kanta, sai shawara ta zama farilla. Ita ta ga abin da ke ƙarƙashin maganar, ta kuma faɗa ba ɓoye-ɓoye. Sau da yawa cikin rayuwarta ta ce a sha'anin siyasa wulakancin da ta sha don tana mace ya fi wanda ta sha don tana baƙa, kuma a wannan fanni ba ta ga bambanci tsakanin baƙin namiji da fari ba.

Cikin Maris dubban baƙaƙen fata suka taru a garin Gary na Jihar Indiyana, taron siyasa mafi girma da suka yi a zamanin. Ga baƙar fata ɗaya tak tana neman shugabancin ƙasa, amma taron ya tashi bai goya mata baya ba. Ita ma ba ta halarta ba, abin da ya ƙara ba masu sukarta abin faɗi. Cikin abokanta 12 na ƙungiyar 'yan Majalisa, Ronald Dellums da Parren Mitchell ne suka fito suka tsaya mata. Julian Bond da Jesse Jackson suka bi McGovern, waɗansu suka bi Humphrey. Walter Fauntroy, wakilin birnin Washinton, ya roƙe ta kada ta shiga zaɓen birninsa, bisa alkawarin zai ba ta wakilansa a zagayen farko. Ta yarda ta janye. Kafin a je babban taro Fauntroy ya kwashe su ya kai wa McGovern. Abin mamaki, ƙungiyar Black Panther, wadda hukuma ke ɗauka ta 'yan tawaye ce, ita ce ta fito cikin Afrilu ta ce tana bayanta. Mashawartanta suka ce ta nisanci wannan goyon baya, ta ƙi.

Wajen mata kuwa abin ya fi laushi, ya kuma fi ciwo. Ba wadda ta zage ta. Kowa na yabonta, kowa na son a ɗauki hoto da ita. Bella Abzug ta tsaya kusa da ita ran da ta yi shela a Washinton, amma ba ta taɓa cewa a zaɓe ta ba. Gloria Steinem ta raba ƙafa: ta ce tana bayan Shirley a jihohin da sunanta ke kan takarda, McGovern kuma shi ne mafi kyau cikin fararen maza. Daga baya dai ita da Betty Friedan suka tsaya neman zama wakilanta a Niyok, Steinem har ta rubuta mata jawabin talabijin, amma ba su ci ba, kuma lokacin ruwa ya riga ya ƙare wa ɗan kada. Ƙungiyar da suka kafa tare ba ta tsai da ita a matsayin 'yar takararta ba.

Hujjar matan ita ce ta ƙwai a baka ya fi kaza a akurki. Shirley ba za ta ci ba, kowa ya sani, ita ma ta sani. Duk ƙuri'ar da aka ba ta an rage wa McGovern ne, alhali shi ne zai iya tsai da yaƙin da ake kashe 'ya'yan mutane a ciki, shi ne kuma ya yi alkawarin sauraron mata. Wannan ba hujjar banza ba ce, kuma waɗanda suka kawo ta ba munafukai ba ne. Sai dai amsar da Shirley ta bayar ita ma tana da nauyi. Ta ce ɗan takara ba ya biyan wanda ya riga ya ba shi kyauta. In baƙaƙe da mata da matasa suka riƙe wakilansu a hannu ɗaya har zagayen farko ya wuce ba wanda ya ci, to, dole mai son ci ya zo ya yi ciniki, a nemi baƙar fata a kujerar mataimaki, a nemi mata a majalisar ministoci. In kuwa suka watsu tun da wuri, kowa zai koma gida da alkawarin baka.

Irin wannan saɓani tsoho ne a Amurka. Cikin 1869 ƙungiyar da ta haɗa masu neman 'yancin bayi da masu neman 'yancin mata ta tsage a kan gyaran tsarin mulki da ya ba baƙaƙen maza ƙuri'a ya bar mata. Frederick Douglass ya tsaya a gefe ɗaya, Susan Anthony da Elizabeth Stanton a ɗaya gefen, aka faɗi maganganu marasa daɗi. Baƙar mace kuwa, da ke cikin ɓangarorin biyu, ba wanda ya tambaye ta. Shekara ɗari da uku bayan haka Shirley ta sami kanta a daidai wannan tsaka mai wuya.

Yaƙin neman zaɓenta na talaka ne. Abin da aka kashe duka bai wuce wajen dala 300,000 ba, ga kuwa aikin Majalisa da ya hana ta yawo yadda ya kamata. Ba za mu ɓoye ba, shirin nata ya yi rauni ƙwarai. Ofisoshinta na jihohi 'yan sa kai ne ke riƙe da su, kuma a wurare da dama su ma sun rabu biyu, matan Turawa a gefe, baƙaƙe a gefe, ana jayayya a kan wa zai shugabanci wa, wa zai tarye ta a filin jirgi, wa zai zama wakili. Cutar da take kuka da ita a waje ta shigo mata har ɗaka. An yi barazanar kashe ta, mijinta Conrad ne ke gadinta kafin gwamnati ta ba ta masu tsaro cikin Mayu. Mutanen Nixon kuma suka buga wata takardar ƙarya da sunan ofishin Humphrey, mai cewa an taɓa kwantar da ita a gidan mahaukata, abin da ya fito fili lokacin binciken Watergate. A Fulorida ta sami ƙuri'a kashi 3.5 cikin 100, a Karolina ta Arewa 7.5, a Kalifoniya 4.4. A Kalifoniyar nan gidajen talabijin suka shirya muhawara tsakanin McGovern da Humphrey suka bar ta, ta kai ƙara, kotu ta ce a ba ta fili. Jimlar ƙuri'arta a ƙasa duka ta haura 430,000. Cikin matasan da ta jawo akwai wata ɗaliba a Kalifoniya mai suna Barbara Lee, wadda ba ta taɓa yin rajistar zaɓe ba sai da ta ji ta.

Ran 15 ga Mayu wani mutum ya harbi George Wallace a Jihar Merilan, ƙafafunsa suka shanye. Cikin Yuni Shirley ta je asibiti ta gaishe shi. Wallace shi ne wanda ya tsaya a ƙofar Jami'ar Alabama cikin 1963 don hana baƙaƙen ɗalibai shiga, saboda haka mutanenta suka yi mata ca, har Barbara Lee ta kusa barinta. Ta ce ba ta son abin da ya same shi ya sami kowa. Ita ta riƙa ba da labari daga baya cewa cikin 1974, sa'ad da take neman a sa 'yan aikatau cikin dokar mafi ƙarancin albashi, Wallace ya taimaka mata da ƙuri'un waɗansu 'yan Majalisa na kudu.

TARON MAYAMI

Babban taron ya zauna a bakin tekun Mayami daga 10 zuwa 13 ga Yuli. Mata sun kai wajen kashi 40 cikin 100 na wakilai, alhali a 1968 kashi 13 ne. Shirley ta iso da wakilai 28 kacal. McGovern yana dab da samun 1,509 da ake bukata, amma akwai ƙarar da aka kai a kan wakilan Kalifoniya, wadda in ya faɗi a kanta zai iya rasa kome.

A nan matan da suka bi shi suka ga abin da aka tanadar musu. Sun kai ƙara cewa wakilan Karolina ta Kudu ba su da isassun mata, McGovern kuwa ya yi alkawarin goyon bayansu. Da aka zo ƙuri'a, masu shirya masa dabara suka ga in abin ya zo kusa da kusa zai jawo hukuncin da zai ɓata musu maganar Kalifoniya, sai suka sa waɗansu wakilansu suka juya, ƙarar matan ta faɗi. Da aka zo kan maganar 'yancin mace game da zub da ciki, wadda matan suka so a sa cikin manufofin jam'iyya, nan ma mutanen McGovern suka sa aka ka da ita, don kada ta zame masa kaya a babban zaɓe. Aka yi cacar baki tsakanin matan a tsakiyar zaure cikin dare, waɗansu har da hawaye.

Shirley ta shiga taron baƙaƙen wakilai ta roƙe su su ba ta zagayen farko kaɗai. Suka yi mata tafi mai yawa, amma galibinsu sun riga sun ɗaure da wani. Dellums, wanda aka shirya shi zai gabatar da sunanta, ya koma wajen McGovern a sa'ar ƙarshe, sai Percy Sutton na Niyok ya hau ya gabatar. Humphrey da ya ga ya faɗi ya saki baƙaƙen wakilansa, da yawansu suka ba ta, ko da yake shi don ya rage wa McGovern ƙarfi ya yi, ba don ƙaunarta ba. Da aka ƙirga ta sami ƙuri'a 152. McGovern ya ci a zagayen farko, ciniki bai ko taso ba. Matan suka yunƙura suka tsai da Frances Farenthold ta Jihar Teksas neman kujerar mataimaki, ta sami ƙuri'a fiye da 400, amma Thomas Eagleton aka ba. Rigingimun suka ci dare har McGovern bai sami yin jawabinsa ba sai wajen ƙarfe 3 na asuba, jama'ar ƙasa suna barci. Shirley ta hau dandamali ta tsaya tare da shi, ta kuma yi masa yawon neman ƙuri'a bayan haka.

Ran 7 ga Nuwamba aka yi babban zaɓe. Nixon ya ci jiha 49 cikin 50. McGovern, wanda aka ce a bar Shirley saboda shi ne mai iya ci, bai samu ba sai Masacusets da birnin Washinton. Ba mu ce da an bi ta da an ci ba, gama ba wanda zai iya ka da Nixon a shekarar nan cikin waɗanda suka nema. Abin da muka gani shi ne, an ce da ita ta ja da baya saboda lissafi, lissafin kuwa bai fita ba, kuma cikin maza goma sha da suka nema a shekarar, waɗansunsu ba su kai ta ƙuri'a ba, ba mu ji an taru a kan ɗayansu ana cewa fitowarsa son kai ne ba.

SAURAN KWANAKINTA

Ta koma Majalisa da bashi a kanta. Aka binciki kuɗin yaƙin zaɓenta, cikin 1974 aka wanke ta. Ta rubuta littafi a kan abin da ya faru, ya fito a 1973. Ta yi shekara goma nan gaba a Majalisa, ta shiga kwamitin tsara dokokin zama cikin 1977, wanda yana cikin mafiya ƙarfi, ta yi aiki a kan abincin mata masu ciki da ƙananan yara da kuɗin makarantu. Ita ma fa ba a rasa abin faɗi a kanta ba. Tun 1971 ta zaɓi Hale Boggs, Bature daga kudu, wajen shugabancin masu rinjaye, ta sami kwamitin ilmi da ƙwadago da take so. Sa'ad da Bella Abzug ta nemi kujerar Majalisar Dattawa cikin 1976, da ta magajin garin Niyok cikin 1977, Shirley ba ta goya mata baya ba. Masu sukarta a Burukilin suka ce wadda ta yi suna da rashin ubangida ta koyi zama da iyayen gida.

Aurenta da Conrad ya mutu cikin 1977, ta auri Arthur Hardwick, mutumin Bafalo. Ba ta sami haihuwa ba. Hardwick ya yi mummunan haɗarin mota cikin 1979, wannan da kuma gajiya da siyasar zamanin Reagan suka sa ta bar Majalisa a Janairu 1983, bayan an zaɓe ta sau bakwai. Ta koyar a Kwalejin Mount Holyoke ta mata. Da Jesse Jackson ya fito neman shugabancin ƙasa cikin 1984 da 1988, ta yi masa yawon neman ƙuri'a, shi da bai yi mata ba. Cikin 1993 Shugaba Clinton ya so ya naɗa ta jakadiya a Jamaika, rashin lafiya ya hana. Ta rasu a Ormond Beach cikin Fulorida, aka kai ta Bafalo aka binne kusa da Hardwick, aka rubuta takenta na 1968 a jikin kabarin.

Cikin 2015 Shugaba Obama ya ba ta lambar girma mafi daraja da ake ba farar hula, shekara goma bayan rasuwarta. Jam'iyyar Dimokurat ba ta tsai da mace takarar shugaban ƙasa ba sai a 2016, da Hillary Clinton, sa'an nan Kamala Harris a 2024, dukansu biyu kuwa ba su ci ba. Barbara Lee, ɗalibar nan, ta shiga Majalisar Wakilai cikin 1998, a kujerar da Ronald Dellums ya bari, ta riƙe ta har farkon 2025.